Rawar layi biyu ta Ingila, da yadda sunanta ya koma takardar tara



Satin da ya wuce, bayan shirinmu na daren Asabar, wani mai saurare daga Tasawa ya aiko mini saƙon murya. Ya ce ya ga wani fim na Turawan Ingila na zamanin da, maza sun yi layi, mata sun yi layi suna fuskantar juna, su matso, su ja da baya, su ratsa juna, kuma duk cikin haka suna ta hira kamar masu jiran mota a tasha. Tambayarsa ita ce: wai wannan rawa ce ko faretin soja? Na yi dariya, na ce zan ba shi amsa a rubuce, don minti biyar na radiyo ba za su isa ba.

Tambayar ta tuna mini wani mushenmu na faransanci a lise. Wata safiya ya shigo aji a makare, ransa a ɓace, ya ce ɗan sanda ya manna masa “contredanse” a hanya. Munka buɗe ƙamus, munka tarar kalmar sunan wata tsohuwar rawa ce. To ina rawa ina ɗan sanda? Shi ne ya bayyana mana cewa wasan baki ne na Faransawa: takardar tara sunanta “contravention”, sai ƴan titi sunka juya ta zuwa “contredanse” don ba'a. Abin da mushen bai faɗa mana ba ranar, ita kanta kalmar baƙuwa ce a faransanci. Asalinta “country dance” ne na Ingilishi, wato rawar ƙauye. Kunnen Bafaranshe ya ji “contre”, ya ga kuma masu rawar suna tsaye gaba da gaba, sai ya ɗauka ai ma'anar ke nan. Ita ce rawar da mutumin Tasawa ya gani.

Bari mu fara da yadda ake yin ta, don in ba ka gane tsarin ba, tarihin ba zai yi maka daɗi ba.

A ce kowane namiji da abokiyar rawarsa “gida” ɗaya ne. Gidaje su jeru, maza gefe guda, mata gefe guda, kowa yana kallon nasa. Wajen da makaɗa suke shi ne saman layi, can ƙarshen ɗaki shi ne ƙasa. Sai a ƙirga daga sama: gida na farko lamba 1, na biye lamba 2, na gaba lamba 1, haka har ƙarshe. Kowane mai lamba 1 yana aiki da mai lamba 2 da ke ƙasansa, mutum huɗu ke nan. In kiɗa ya tashi, su huɗun nan su yi abin da rawar ta tanada: wani lokaci su haɗa hannun dama a tsakiya su zagaya, su dawo da na hagu, wani lokaci masu lamba 1 su riƙe hannu su gangara tsakiyar layi su komo, wani lokaci kowa ya juya baya ya kewaye maƙwabcinsa ta waje. Akwai wata ratsawa ta mutum uku da suke bi ta tsakanin juna suna zana lamba 8 a ƙasa, babu mai taɓa wani. Duk macen da ta taɓa yin kitso da silin gashi uku ta riga ta san yadda take tafiya.

Galibi a yau waƙar tana da taku 64, an raba ta kashi huɗu, kowane kashi taku 16. In takun 64 ya cika, masu lamba 1 sun sauka mataki guda, masu lamba 2 sun hau mataki guda, kowa ya samu sabbin maƙwabta, kiɗa ya sake daga farko. Wanda ya kai ƙarshen layi ya tsaya ya huta zagaye ɗaya, ya canza lamba, ya juyo. Kun ga ke nan in rawar ta yi tsawo, babu gidan da ba za ka haɗa hannu da shi ba, ko kana son mai shi ko kuna gaba. Ƙafa ba ta wani aikin wahala, tafiya ce da ɗan tsalle. Wahalar tana ga kai: ka san inda za ka kasance a taku na 16, don in ka ɓata, mutum uku ka ɓatar, su kuma su ɓatar da na gabansu.

Ba layi biyu ne kaɗai fasalin ba. A farkon lamarin akwai ta da'ira, akwai ta gida huɗu da ke tsayawa kusurwa huɗu, akwai gajeren layi na gida uku ko huɗu da ke ƙarewa da kowa ya koma mazauninsa. Dogon layin nan na “duk mai so ya shigo” shi ne ya cinye sauran daga baya.

Tun zamanin Sarauniya Elizabet ta 1, a ƙarshen ƙarni na 16, akwai rubuce-rubucen da ke nuna tana son kallon wannan rawa a fadarta. Amma wanda ya sa muka san yadda ake taka ta wani mai buga littattafan kiɗa ne a Landan, John Playford. A 1651 ya fitar da littafi mai suna The English Dancing Master, da rawa 105 a ciki. Kowace rawa da waƙarta a rubuce a saman shafi, ƙarƙashinta kuma ƴan layuka na bayanin wa zai bi ta ina.

Ku dubi shekarar da kyau. A 1649 anka fille kan Sarki Sharl na 1 bayan yaƙin basasa. Mulki ya koma hannun majalisa da sojojin Oliver Cromwell, masu tsananin addini da sunka rufe gidajen wasan kwaikwayo tun 1642. Cikin wannan yanayi ne mutum ya zuba kuɗinsa ya buga littafin rawa, har ma ya amsa a gabatarwarsa cewa zamanin bai dace da irin wannan abu ba. Littafin kuwa ya sayu. Dalilin a ganina a fili yake: fada ta watse, manyan bukukuwa sun tsaya, masu hali sun koma gidajensu, kuma wannan rawa ce da iyali da baƙi za su yi cikin zaure da mai goge ɗaya, ba sai an fita waje ba. Anka yi ta sake buga littafin, shi da ɗansa Henry da wani John Young bayansu, har bugu 18, na ƙarshe wajen 1728. In an haɗa duk rawar da ta taɓa shiga cikinsa, ta haura 1000.

Da sarauta ta dawo a 1660, rawar ta bi ta zuwa fada. Wani ma'aikacin gwamnati, Samuel Pepys, da ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum, ya ba da labarin bikin daren 31 ga Disamba 1662 a fadar Whitehall, inda bayan raye-rayen Faransa Sarki Sharl na 2 da kansa ya nemi a kaɗa ta gida, ya shiga gaba.

Nan akwai wata magana da ya kamata a faɗa, don sunan yana ruɗi. Ana ce mata rawar ƙauye, amma masu sayen littafin Playford lauyoyi ne da attajirai da ƴaƴan masu gonaki, mutanen da sunka iya karatu kuma suke da kuɗin biyan malamin rawa. Kantinsa ma a unguwar lauyoyin Landan yake. Wasu waƙoƙin lalle daga bakin talakawa sunka fito, amma yawancin tsare-tsaren, musamman na bugun baya, malaman rawa na birni ne sunka ƙaga su, kowace shekara da sabbi, kamar yadda tela ke fito da sabon ɗinki gab da salla. Manomin Ingila yana da tasa rawar, mai sauƙi da ƙarfi, sai dai shi ba wanda ya damu ya rubuta tasa sai bayan shekara 250.

A ƙarni na 18 garuruwan Ingila sunka gina manyan ɗakunan taro don rawa. Wanda ya fi suna shi ne na Bath, garin da masu kuɗi ke zuwa shan ruwan magani da neman aure. Can akwai wani sarkin biki, Beau Nash, wanda ya riƙe wurin fiye da shekara 50 har mutuwarsa a 1761. Shi ya hana maza shiga da takobi da takalmin hawan doki. Biki ya fara ƙarfe 6 na yamma da rawar Faransa ta mutum biyu-biyu, kowa na kallo, sannan a koma ta layi, ƙarfe 11 ya ɗaga hannu kiɗa ya mutu. Ana ba da labarin cewa wata gimbiya ƴar sarki ta roƙe shi ƙarin rawa ɗaya ya ƙi.

Dokokin layin ma sun isa a ji su. Matar da ke saman layi ita ke zaɓen waƙa da tsarin da za a bi, sauran su kalla su kwaikwaya. A wancan zamani gidan farko ne kaɗai ke farawa, na ƙasa suna tsaye har rawar ta iso su, shi ya sa rawa ɗaya kan ci rabin awa. Ga amsar mutumin Tasawa ke nan game da hirar da ya gani: a al'ummar da budurwa ba ta keɓewa da saurayi, tsayuwar nan cikin layi ita ce zance, a gaban iyaye, kowa na gani, ba mai jin abin da ake faɗa saboda kiɗa. In budurwa ta ƙi wanda ya fara neman ta, sai ta zauna, ba ta da damar amsa wa wani. Kuma babban abin kunya ne gida ya gangara layi ya gama nasa, sannan ya je ya zauna ya bar waɗanda sunka tsaya masa ba su yi nasu ba. Jane Austen ta gina rabin rigimar littafinta Pride and Prejudice na 1813 a kan waɗannan dokoki, kuma ina kyautata zaton fim ɗin da anka yi daga irin littattafanta ne mai sauraronmu ya gani. Wanda BBC ta yi a 1995 ma waƙar Playford ta 1695 anka sa wa jaruman, wadda a zamanin Austen ta riga ta zama kayan kakanni.

Masu son rawar suna yawan cewa ita ce ta daidaita mai kuɗi da talaka tunda kowa na riƙe hannun kowa. Ni dai ina rage wa maganar gishiri. Gaskiya ne a bikin Kirsimeti mai gida kan shiga layi da barorinsa, Charles Dickens ma ya zana irin wannan dare a labarinsa na 1843. Amma a Bath matan masu sarauta ke tsayawa sama, na ƙasa su bi daraja, kuma wanda ba shi da kuɗin shiga ko ƙofa ba ya gani. Da safe bara ya koma baransa.

Yanzu mu tsallaka ruwa. Wajen 1685 wani malamin rawa na Faransa, André Lorin, ya je Ingila ya koyo ta, ya rubuta ya miƙa wa Sarki Luwi na 14. A 1706 Raoul-Auger Feuillet ya buga tarin irinta a Pari, shi kuma da zane ya yi nasa, yana nuna hanyar da kowace ƙafa ke bi a ƙasa. Ku riƙe wannan zane, za mu komo kansa. Faransawa sunka fi son fasalin gida huɗu, sunka gyara shi ya zama “cotillon”, daga baya “quadrille”, wadda ta koma Landan wajen 1815 a matsayin sabon yayi daga Pari. Mozar ya rubuta waƙoƙin wannan rawa da dama don bukukuwan Biyana, Betoben kuma ya ɗauki ɗaya daga cikin nasa ya gina ƙarshen babban kiɗansa na 3 a kanta.

Reshen da ya fi shafar mu, mu ƴan radiyo, shi ne wanda ya bi jiragen bayi. Turawa sun kai rawar tsibiran Karayib, kuma a gidajen masu gonakin rake sau da yawa baƙaƙen fata ne makaɗan. Da bayi sunka tashi a Haiti a 1791, mutane da yawa sunka gudu gabashin Kuba da kiɗansu, sunka tarar da wadda ta zo ta hanyar Sipaniya. Can ta zama “contradanza”, amma bugun da ke ƙarƙashinta ya koma na Afirka. Daga ita “habanera” ta fito, sannan “danzón” a garin Matanzas a 1879, daga danzón kuma anka samu ca-ca-ca a farkon shekarun 1950. Faya-fayan Kuba sunka cika Kinshasa da Dakar da Bamako, har Grand Kallé ya yi waƙarsa ta ƴancin kan Kwango a 1960 da sunan ca-ca a jikinta. Kada wani ya je ya ce na ce Turawan Ingila ne sunka ƙaga rumba. Kafin abin ya iso nan, ɗan abin da ya rage na Playford bai fi gishirin miya ba. Amma igiyar ba ta tsinke ba, ana iya bin ta ƙulli bayan ƙulli.

A gida Ingila kuwa rawar mutuwa ta riƙa yi. Wajen 1812 “valse” ta shigo, a 1844 “polka” ta biyo, namiji ya riƙe mace su biyu su yi ta juyi ba ruwansu da kowa. Matasa sunka ga ba dalilin tsayuwa rabin awa cikin layi. Sai rawa guda, Sir Roger de Coverley, aka bari don rufe biki. Ƙauyuka ne sunka riƙe ƴan kaɗan, a bikin girbi da na aure.

A nan Cecil Sharp ya shigo, wani malamin kiɗa da aka haifa a 1859. Ranar 26 ga Disamba 1899 yana baƙunci a Headington kusa da Oksfod, sai ga wasu magina da sanyi ya hana aiki sun zo suna wata rawar gargajiya ta maza don samun na cefane. Ya kira makaɗinsu, William Kimber, ya rubuta waƙoƙin. Daga baya abin ya zame masa aikin rayuwa. A 1909 ya buga rawa 18 ta layi da ya tattaro daga ƙauyuka, a 1911 ya koma kan littafin Playford ya fara fassara shi, ya kuma kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta Ingila a shekarar.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Wata mata, Mary Neal, tana da kulob na ƴan mata masu ɗinki a unguwannin talakawan Landan, ita ce ma ta fara kawo Kimber ya koya musu a 1905. Da farko tare suke aiki, daga baya sunka ɓata ƙwarai. Ita tana ganin rawa daga jiki take bi zuwa jiki, wanda ya iya ya koya wa na kusa da shi, in an yi nishaɗi buƙata ta biya. Shi kuma yana son ƙa'ida, da malamai masu takardar shaida, da littafi. Shi ya yi nasara, hukumar ilimi ta bi bayansa, rawar ta shiga lakol-lakol. Ribar ita ce ba ta ɓace ba. Hasarar kuma, yara da yawa sunka tashi suna ganin ta darasin motsa jiki ne da malama ke tilasta musu, da sun bar lakol su bar ta.

Akwai wani ɗan fim marar sauti na 1912, bai fi ƴan daƙiƙu ba, inda Sharp da wani matashin mai tsara kiɗa George Butterworth da ƴan'uwa mata biyu, Maud da Helen Karpeles, ke taka wata rawar Playford a kan ciyawa. Har an ga inda mazan sunka yi karo suna dariya. Shekara huɗu bayan nan, a watan Agusta 1916, anka harbe Butterworth a yaƙin Somme a Faransa. Mutum huɗu daga cikin mazan da Sharp ke yawon nuna rawa da su sunka mutu a wannan shekara. Shi a lokacin yana Amurka tare da Maud Karpeles, suna bin duwatsun Apalash suna tattara waƙoƙin jikokin Ingilishi. Ya rasu a 1924. Anka gina gida da sunansa a Landan a 1930, har gobe can ne cibiyar ƙungiyar da ma'ajiyar takardunta.

Wanda ya gaje shi, Douglas Kennedy, ya lura bayan yaƙin duniya na 2 cewa abin ya zama na ƴan kulob masu fararen takalma. Sai ya sassauta: a zaɓi masu sauƙi, a sa makaɗa masu akordiyon da ganga, a samu mai kira da makirfo yana faɗin abin da za a yi kafin takun ya iso, yadda ake yi a Amurka. Hoton Gimbiya Elizabet tana rawar gida huɗu a Otawa ta Kanada a 1951 ya ƙara wa abin kasuwa. Irin wannan ce ake yi yau a bukukuwan aure da na tara kuɗin makaranta a Ingila, inda wanda bai taɓa yi ba zai shiga layi, mai kira ya bi da shi sau ɗaya ba kiɗa, sannan a saki goge.

Na ce ku riƙe zanen Feuillet. Cikin littafin Playford akwai wani motsi da ke dawowa a rawa bayan rawa, an rubuta shi da kalma ɗaya tak mai nufin “gefe”. Playford bai bayyana shi ba, don a 1651 ko yaro ya san shi, kamar yadda ba wanda zai tsaya rubuta wa ƴan matanmu yadda ake tafi a gaɗa. Da Sharp ya zo bayan shekara 260, ba sauran mai rai da ya taɓa gani. Sai ya yi tunani ya ƙaga nasa: abokan rawa su wuce juna a karkace suna kallon ido, su juyo su dawo. Ya koya wa dubban mutane. Daga baya shi da kansa ya fara shakka, ya so ya gyara, almajiransa sunka ƙi, don sun riga sun so nasa. Sai bayan mutuwarsa wani masani, Pat Shaw, wanda ya rasu a 1977, ya dogara da tsoffin zane-zanen nan na Faransa ya nuna cewa abin ya fi sauƙi: ka taka gaba har kafaɗarka ta daidaita da ta abokiyarka, ka koma da baya, ka sake ta ɗaya kafaɗar.

Har yau duka biyun ana yin su. A ɗakin rawa a Landan ko Boston, kafin makaɗa su fara, sai mai kira ya faɗa wa layi wanne za a taka, na Sharp ko na Shaw, in ba haka ba rabin mutane su nufi gaba, rabi su karkace, a yi ta karo.